Yadda za ka zama malamin dokar haƙƙin ɗan Adam a jami'a

Matakan farko sanannu ne: shekara biyar ta digirin lauya, sai makarantar horar da lauyoyi, ko a Bagauda ko a Bwari, sai bautar ƙasa, sannan digiri na biyu a sashen dokokin hukuma, kamar na ABU da ke Kongo, Zariya. Ka dage sakamakon digirinka na farko ya yi kyau, don shi ake fara dubawa wajen ɗaukar ƙaramin malami. Digiri na uku kuwa dole ne, in ba so kake ka tsufa a matsayi ɗaya ba.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne zaɓen abin bincike. Sai yaro ya shigo ofis ya ce, "Malam, zan rubuta a kan haƙƙin ɗan Adam a Najeriya." Nakan tambaye shi, wane haƙƙi, na wa, a wace kotu? Ka kama abu ɗaya tak. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. To, ana zuwa? Amsar tana rajistar kotu, cikin tsofaffin fayil ɗaure da zare, da kuma bakin magatakarda. Ka je ka gaishe shi da ladabi, ka zauna a benci ka jira; in ya saba da fuskarka zai buɗe maka kabad.

Hukunce-hukunce kuma ka karanta su daga farko har ƙarshe, ban da taƙaitawar da ake rabawa a aji. Fara da shari'ar Abacha da Fawehinmi ta 2000, inda Kotun Ƙoli ta fayyace matsayin Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi a dokokinmu, sai ta Hadijatou Mani, wadda kotun ECOWAS ta samu Nijar da laifin gaza kare ta daga bauta a 2008.

Ƙarin girma da yawan maƙalu ake samunsa, amma ka guji mujallar da za ta karɓi kuɗinka ta buga maka cikin mako guda. Masu tantancewa sun san irin waɗannan mujallu sarai. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne. Da zarar an tabbatar maka da aiki, ka nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, don digirin na uku.