Kurakuran da ke hana malamai morar kwas ɗin da aka ce an buɗe wa kowa

Malami zai yi watanni yana tsara darussa, ya ɗora a intanet, ya liƙa tambarin Creative Commons (lasisin da ke bayyana izinin da mai aiki ya ba jama'a na amfani da aikinsa) a ƙasan shafi, ya ce ya bar wa duniya. Wani malamin ya zo ɗauka ya tarar ko jimla guda ba zai iya sauyawa ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Abin da ke ci mini rai shi ne kurakuran ba sababbi ba ne, su ɗin dai ake ta maimaitawa.

Mafi muni shi ne zaɓen lasisi da ka. Lasisin Creative Commons iri shida ne, biyu daga ciki suna ɗauke da sharaɗin ND, wato a raba aikin yadda yake, ba a yarda a fitar da wanda aka sauya ba. Sababbin shiga shi suke rububi, don tsoron kada a ɓata musu aiki. To a dokar haƙƙin mallaka fassara ma sauyi ce. Ka sa ND a kwas ɗin kimiyyar firamare da ka rubuta da Turanci, malamar da ke Gusau ko Damagaram ba ta da izinin mayar da shi Hausa ta raba wa 'yan'uwanta malamai. Ba ta da izinin cire misalin dusar ƙanƙara ta sa na hunturu. To me ka buɗe ke nan, Malam? Shawarar da UNESCO ta amince da ita a 2019 kan buɗaɗɗun kayan karatu ta sa izinin sauyawa cikin ma'anarsu tun asali. Abin da kake tsoro kuwa lasisin ya riga ya yi maganinsa. A siga ta 4.0 ta lasisin, dole wanda ya taɓa aikinka ya bayyana cewa ya sauya, ba shi da damar nuna kamar da yawunka ya yi, kuma kana iya neman ya cire sunanka.

Sharaɗin NC, mai hana kasuwanci, bai kai ND ɓarna ba. MIT OpenCourseWare, taskar darussan kyauta ta jami'ar MIT a Amurka, ma CC BY-NC-SA take amfani da shi (BY na nufin a ambaci mai aikin, SA kuma a raba sabon aikin da irin lasisin asali). Amma ka san abin da ka saya. Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin CC BY-SA, kuma ba a narka shi da kayan BY-NC-SA a aiki guda, domin kowanne yana tilasta sabon aikin ya ɗauki irin sharaɗinsa. Ga kuma ruɗani: makarantar kuɗi kasuwanci ce ko a'a? Malami mai taka tsantsan sai ya haƙura da kwas ɗin gaba ɗaya. Ni dai CC BY nake sawa, sai in akwai dalili mai ƙarfi. Ka yi tunani kafin ka saki, don wanda ya riga ya ɗauka ba a janye masa lasisin.

Kuskure na biyu ya fi yawa: a ba mutane PDF da bidiyo kawai. Izini yana nan a rubuce, hanyar aiki da shi babu. Wanda ya taɓa kwafo rubutu daga PDF ya san yadda layuka ke kakkarye, jadawali ya watse, wani lokaci ƙ da ɗ da ɓ su koma wasu alamomi marasa ma'ana. Haba! Fayil ɗin da ka rubuta darasin da shi yana cikin kwamfutarka, me zai hana ka ɗora? Kowane darasi ya fito tare da asalinsa da ake iya gyarawa, na DOCX ko ODT. Kowane bidiyo ya zo da rubutaccen abin da aka faɗa da fayil ɗin SRT mai ɗauke da rubutun ƙasan allo, don mai fassara ya sauya rubutun ƙasan allo ba tare da sake ɗauka ba. Kada a manne rubutu cikin hoto. Zanen zuciya mai sunayen Turanci a jikinsa sai an sake zana shi daga farko. In a Moodle, manhajar gudanar da kwas a intanet, ka gina, ka fitar da kwafin kwas ɗin na MBZ bayan ka cire alamar haɗawa da bayanan ɗalibai, tambayoyin jarrabawa kuma ka fitar da su daban a tsarin GIFT ko Moodle XML. A H5P, manhajar haɗa atisaye da darussan mu'amala, ka bar maɓallin sake amfani a kunne. Ka zaɓi salon rubutu mai haruffanmu masu ƙugiya, irin Andika ko Noto. Sannan duk wannan ya kasance ana saukewa ba sai an yi rajista ba.

Gwajin da nake yi shi ne in ba wani malami da bai san aikin ba darasi ɗaya, ya ciro shi ya sauya misalansa ba tare da ya kira ni ba. Duk inda ya cije, nan gyara yake.

Sai kayan mutane. Hoto ya fito a binciken Google ba ya nufin an halatta maka. Hoto ɗaya mara izini yana jefa duk wanda ya kwafi kwas ɗin cikin matsala. Ka buɗe jadawali mai ginshiƙi huɗu: sunan aikin, mai shi, inda ka samo, lasisinsa. Ka cika a ranar da ka ɗauka, don bayan wata uku ba za ka tuna ba.

Sauran ƙanana ne. "Kamar yadda muka gani a mako na uku" yana ɗaure darasi da ɗan'uwansa. Kowane darasi ya tsaya da ƙafarsa, da manufarsa da aikin gwajinsa. Ranakun jarrabawa da sunan sashenku su koma shafi guda da za a iya cirewa. Bidiyon minti 10 a kan megabit 1.5 cikin daƙiƙa ya haura megabayit 110, alhali sautinsa kaɗai a kilobit 64 bai kai megabayit 5 ba, don haka ka ajiye wa mai ƙarancin data sautin da rubutun. Fuskar ɗalibi ko sunansa ba sa shiga sai da rubutaccen izini.

Kafin ka liƙa kowane tambari, ka duba takardar ɗaukarka aiki da ƙa'idar makarantarku. A wurare da yawa abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aiki mallakin ma'aikatar ne, ita ce za ta ba da lasisin. In kuma ku uku kuka rubuta, ka karɓi amincewar sauran biyun a rubuce.