Yadda Ake Kallon Babban Maƙwaƙwafin Arewacin Amurka da Ɗaukar Hotonsa a Daji

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san maƙwaƙwafi, ɗan tsuntsun nan da ake jin ƙwas-ƙwas ɗinsa a jikin bishiya da hantsi. Namu ƙarami ne, kimanin santimita 20. Amma na dazuzzukan Amurka da Kanada, wanda Turawa ke kira pileated woodpecker, masana kuma Dryocopus pileatus, ya kai girman hankaka: tsawonsa santimita 40 zuwa 49, in ya buɗe fukafukai su kai 66 zuwa 75. Baƙi ne wuluk, da farin zane daga gindin baki zuwa wuya, ga jan tukku a ka kamar ya sa dara. Duk da wannan girma, mutum zai iya shekara yana shiga daji bai sa shi a ido ba, muddin binsa yake yi. Wannan tsuntsu jiransa ake yi, a inda ya bar alama.

Fara da zaɓen daji. Nemi mai manyan tsofaffin itatuwa, wanda ba a kwashe matattun da ke tsaye da kututturan da suka faɗi ba, musamman kusa da rafi. Ana samunsa a gabashin Amurka, da faɗin dazuzzukan Kanada, da gaɓar yamma har zuwa Kalifoniya. Gandun Great Smoky Mountains da na Algonquin a Ontariyo duk gidansa ne, kuma ko a cikin birnin Washinton yana nan a Rock Creek Park. Ba ya ƙaura; miji da mata suna riƙe yankinsu rani da sanyi, don haka inda aka gan shi bara, akwai kyakkyawan zaton yana nan bana. Taswirar eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, za ta nuna maka wuraren da aka gan shi kwanan nan.

In ka shiga, kada ka ɗaga kai sama tukuna. Dubi jikin itatuwa da ƙasa. Babban abincinsa manyan baƙaƙen tururuwa ne masu gina gida a cikin ruɓaɓɓen itace, sai tsutsar ƙwaro, kuma don ya kai gare su yakan fafe rami mai kusurwa huɗu, dogo daga sama zuwa ƙasa, kamar kafinta ya sa kurfi. Babu wani maƙwaƙwafi a can da ke irin wannan aiki. A gindin bishiyar za ka tarar da sassaƙe zube, wani guntun ya kai tsawon yatsa. Ɗauki ɗaya ka duba. In ya yi toka-toka ya bushe, tsohon aiki ne, wuce. In fari ne tas, da ɗan laima da ƙanshin itace, to ka iso: bai gama da bishiyar nan ba, kuma sau da yawa yakan dawo. Ni dai nan nake yada zango, ko da kuwa ban ji motsin komai ba.

Sai ka koya wa kunnenka muryarsa kafin ranar fita. Kukansa wuk-wuk-wuk ne mai ƙarfi, kamar dariya, yana ratsa daji. Bugunsa iri biyu ne. Akwai na shelar yanki, jerin bugu mai nauyi na ƴan daƙiƙoƙi wanda ke raguwa a ƙarshe, sannan akwai na neman abinci, sara ɗai-ɗai ba tsari, kamar mai faskare a nesa. Na biyun nan shi ne naka, domin tsuntsun da ke cin abinci yakan daɗe a wuri guda. Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana taimakawa wajen bambance kukansa da na wani ɗan'uwansa mai kuka irin nasa. Watannin Maris da Afrilu sun fi kyau, lokacin ana yawan bugu kuma ganye bai rufe daji ba. Ka fita da sassafe.

Zama shi ne rabin aikin. Sa tufafi masu duhu, tura ƙafar wando cikin safa saboda kaska, don kaskar can tana ɗauke da cutar Lyme. Jingina da wata bishiya kamar mita 15 zuwa 20 daga inda sassaƙen yake, rana a bayanka. In ya sauka kada ka zabura. Bari ya fara sara, sai ka ɗaga kamara a hankali. Ya tsaya, kai ma ka tsaya cak. In ya zagaya bayan kututture yana leƙenka da ido ɗaya, ka matsa masa ke nan, sai ka bar motsi har ya saki jiki. A nan ne za ka gane wanda ke gabanka: namiji yana da jan zane a kumatu kamar gashin baki, jan kansa kuma ya sauko har goshi; mace zanen kumatunta baƙi ne, goshinta ba ja.

Batun kamara, matsala biyu ce: duhun daji da saurin kansa. Gilashi mai jawo nesa na milimita 400 zuwa sama ya dace. Buɗe shi iyakar buɗewa, ka sa saurin ƙiftawar kamara a 1/1000 na daƙiƙa ko fiye in yana sara, 1/2000 in kana son kama shi a sama da farin ƙarƙashin fukafukansa. Kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, zuwa 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan ƙura-ƙura ya fi wanda kan tsuntsun ya narke a ciki. Saita a kan ido, ka ɗauka a jere, kuma ka kashe ƙarar kamara in tana da wannan dama. Baƙin jikinsa yakan ruɗi kamara ta ƙara haske har farin kumatu ya ƙone, saboda haka rage haske kaɗan, ka duba hoton farko. Juya kamarar a tsaye don jelarsa ta shigo, domin da ita yake tokare jikin bishiya. Hoton da na fi so shi ne na lokacin da ya sauko kan kututturen da ke kwance: ka durƙusa ku yi ido da ido, bayansa kore ko ruwan ƙasa maimakon farin sama, sassaƙe na tashi a iska.

Sheƙa kuwa, a nan nake roƙon a yi hattara. Kowace shekara sukan fafe sabon kogo a matacciyar bishiya, aikin mako uku zuwa shida, mace ta saka ƙwai uku zuwa biyar, su yi kwanci bi da bi, namiji ne ke kwana a kai. Ƴaƴan sukan yi kusan wata guda kafin su tashi, kuma a kwanakin ƙarshe suna leƙo da kawuna suna kuka, hoton da kowa ke kwaɗayi. Tsaya nesa. In uwa ko uba ya zo ya kasa shiga, yana kewaye yana kuka, ka ja da baya nan take, yunwa kake jawo wa ƴaƴan. Kada ka kunna masa kukansa a waya don ya fito. Wahalar da shi ne, kuma an hana a gandun dajin ƙasa na Amurka. Dokar kare tsuntsaye ta 1918 ta haramta taɓa shi ko ƙwansa ko sheƙarsa. Kada kuma ka wallafa ainihin wurin a intanet sai ƴaƴan sun tashi.

Rubuta inda bishiyar take ka koma baɗi. Shi ya riga ya fafe wani kogon, amma tsohon ba ya zama kango: ƙaramar mujiya ko agwagwar daji kan tare a ciki, sai ka zo da kamararka ka zauna a gindin bishiyar da ka jingina bara.