Yadda ake gano CMC na sinadarin sabulu da na'urar NMR

Ko omo, ko sabulun alata da ake sayarwa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, abin da ke cire maiƙo iri ɗaya ne: ƙwayar sinadari mai kai mai son ruwa da jela mai gudun ruwa. Idan ƙwayoyin suka yi yawa sai su dunƙule, jela ciki, kai waje. Wannan dunƙulen shi ake kira misel, yawan da ake fara dunƙulewa a kansa kuma shi ne CMC. Ɗalibin da zai auna shi da NMR, na'urar da ke bincikar ƙwayoyin sinadari da ƙarfin maganaɗisu, a nan Kumasi ya fara da SDS (sodium dodecyl sulfate, wani sanannen sinadarin sabulu), domin an san amsarsa: kusan mM 8.2 (milimol a kowace lita) a ruwa mai zafin digiri 25. A cikin D2O, ruwa mai nauyi da ake narkar da samfurin NMR a ciki, yakan ɗan yi ƙasa da haka.

A auna miligiram 57.7 na SDS, a narkar a mililita 5 na D2O. An sami mM 40 ke nan. Daga ciki a tsarma zuwa 2, 4, 6, 7, 8, 9, 10, 12, 16 da 24, kowanne mililita 0.6 a bututu mai faɗin milimita 5. An cunkusa lambobin kusa da 8 ne da gangan, don a nan layi zai karye. A rufe kwalbar D2O da zarar an ɗiba. Yana da tsada, kuma yana shan laimar Kumasi nan da nan.

Kada a wanke bututun da omo. Ragowarsa ita ma sinadarin sabulu ce, za ta ɓata awon tun kafin a fara. Tataccen ruwa, sannan asiton, ya wadatar.

A tsayar da zafin na'ura a digiri 25, a bar kowane bututu minti goma ya daidaita, sannan a ɗauki sifektiram na furoton, wato zanen tsinaye da ke nuna haidurojin na ƙwayar. Za a ga CH3 na ƙarshen jela wajen ppm 0.9 (ppm shi ne awon matsayin tsini), tarin CH2 wajen 1.3, na kusa da kai wajen 4.0. Mai sabon hannu yakan nemi tsini biyu, na ƙwaya tilo da na misel. Ba zai gani ba. Ƙwayoyin na shiga da fita daga misel da saurin da ya fi ƙarfin idon na'ura, don haka tsini ɗaya ke fitowa, yana matsawa kaɗan-kaɗan yayin da yawa ke ƙaruwa. A zana matsayin tsinin a kan 1/C, inda C shi ne yawan SDS a bututu. Layi biyu za su bayyana, ɗaya a kwance, ɗaya a karkace, mahaɗarsu ita ce CMC.

Matsawar tsinin ƙarama ce ƙwarai, 'yan kashi cikin ɗari na ppm ɗaya, shi ya sa ma'auni, wato tsinin da ake gwada sauran da shi, ke da muhimmanci. Tsinin HDO (ragowar ruwa a cikin D2O) na 4.79 yana yawo da zafi, kusan 0.01 a kowane digiri. Zuba DSS, sinadarin da aka saba yin ma'auni da shi, cikin samfur ma haɗari ne, musamman da CTAB, wani sinadarin sabulu na dabam, don DSS yana manne wa misel. A sa ma'aunin a siririn bututu na ciki.

Idan na'urar na da DOSY, hanyar auna saurin yawon ƙwayoyi cikin ruwa, ya fi a yi amfani da shi. Ƙwaya tilo na yawo da sauri, misel mai ƙwayoyi kusan 60 na jan jiki, bambancin ya fi fitowa fili.

In CMC ya faɗi ƙasa sosai, a zargi gishiri ko tsohon SDS. Gishirin NaCl na M 0.1 (wato mM 100) kaɗai yana saukar da shi wajen mM 1.5. Tsohon SDS kuwa yana ruɓewa ya saki dodekanol, mai sa karyewar layin ta dushe. A sake kirista shi da etanol, kuma a haɗa ruwan ranar da za a yi awo. Mai aiki da CTAB ya kula da sanyin AC na ɗakin na'ura: ƙasa da wajen digiri 25 yana fita daga ruwa ya zama farin gari a gindin bututu, don haka a auna shi a digiri 30.