Bayan Zubar Jini a Ƙwaƙwalwa: Yadda Za Ku Fahimci Hoton Jijiyoyi, Ku Kuma Riƙe Hawan Jini a Gida

Idan an sallamo majinyaci daga asibiti a Makka ko Jidda bayan jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, abin da ake kira nazif a nan, iyali kan dawo gida da ledar magani, da faifan hoto, da takardar rahoto da Turanci. A rahoton wasu za a ga maganganu biyu. Ɗaya ta ce wata babbar jijiya ta buɗe, ta ƙara tsawo, ta lanƙwashe, wato dolikoektasiya a bakin likitoci. Ɗayar kuma ta ce akwai cutar ƙananan jijiyoyi. Ta farkon ce ke tayar wa 'yan uwa da hankali, amma ta biyun ce galibi ta zubar da jinin, ita ce kuma za ta iya maimaitawa. Abin da ke ciyar da su duka biyun, a mafi yawan mutanenmu, hawan jini ne da aka daɗe ba a riƙe shi ba.

Abin da hoton yake faɗa

Jijiyar da ta fi yawan buɗewa ita ce basila, wadda ke kwance a gindin ƙwaƙwalwa. Faɗinta a lafiyayyen mutum wajen milimita 3 ne. Idan ya haura milimita 4.5, masu karanta hoto sukan ce ta buɗe. A bangonta akwai wani zare mai talewa ya koma. Shekaru da matsin jini su ke tsinka shi, sai jijiyar ta saki kamar tiyon ban ruwa da ya sha rana, ta yi faɗi ta karkace. An fi ganin haka ga maza da dattawa. Ba ɗaya take da ƙullin nan mai kama da balan-balan da ke fitowa a gefen jijiya ba, kuma mafi yawan masu ita ba a yi musu tiyata.

Ƙananan jijiyoyin kuwa ba su kai milimita 1 ba, hoto ma ba ya ganinsu, ɓarnarsu yake gani. Kai tsaye suke tsirowa daga manyan, don haka duk bugun da jini ya yi a kansu yake sauka. Sawunsu a hoton MRI iri uku ne da ya kamata ku sani. Akwai fari-farin tabo a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda ake aunawa da ma'aunin Fazekas daga 0 zuwa 3. Akwai 'yan ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 15, inda wata jijiya ta taɓa toshewa, sau da yawa ba tare da mai ita ya sani ba. Sai baƙaƙen ɗigo-ɗigo, tabon jinin da ya taɓa tsattsafowa, waɗanda ba sa fitowa sai an ɗauki wani sashe na musamman, irin wanda ake kira SWI. Hoton CT da aka yi a ɗawari, wato sashen gaggawa, ranar farko yana nuna jinin da ya zuba, amma ba ya nuna waɗannan ɗigon.

Ranar mau'idi, wato ranar da aka sa muku ta ganin likita, ku tafi da takarda da biro, ku tambayi likita abu huɗu. A ina jinin ya zuba? In a can ciki ne, alama ce ta hawan jini. In kusa da ɓangaren waje na ƙwaƙwalwa ne kuma majinyacin tsoho ne, ana tunanin wata cutar daban da ke tara wani sinadari mai suna amiloyid a bangon jijiya, wadda ta fi saurin maimaita zubar jini. Milimita nawa ne faɗin jijiyar da ta buɗe? Ku rubuta adadin, domin da shi za a gwada hoton gaba. Ɗigon nawa aka ƙirga, kuma a ina suke? Yaushe za a sake hoto? In majinyacin matashi ne, ko akwai ciwon ƙoda mai bin zuri'a a gidan, ku faɗa, domin wasu cututtukan gado ma suna buɗa jijiya.

Kafin MRI a cire fil ɗin mayafi da 'yan kunne, a wanke kwalli, domin ƙarfen da ke cikin wani kwallin yana ɓata hoton. Mai batirin zuciya ya faɗa tun kafin a shigar da shi. In hoton jijiya za a yi da allurar rini, a fara gwada ƙoda.

Awon jini a gida

Nan ne aikin yake, kuma ba wanda zai yi muku shi. Abin da ake so ga wanda jini ya taɓa zuba masa shi ne awonsa ya zauna ƙasa da 130/80. Ku sayi na'urar da ake ɗaurawa a dantse a saidaliyya, wato kantin magani, ku bar ta wuyan hannu. Ku auna kaurin dantsen da tef ɗin tela tukuna: maɗaurin da aka saba sayarwa na santimita 22 zuwa 32 ne, wanda ya fi haka sai babba. Ƙaramin maɗauri a kan babban hannu yana ƙara lamba, a yi ta ƙara wa mutum magani a banza.

Majinyaci ya yi fitsari, ya zauna a kujera mai jingina minti 5, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Zaman majalisa a kan darduma da tanƙwashe ƙafa ba zaman awo ba ne. Kada ya sha gahawa ko shayi ko taba a cikin minti 30 kafin nan, kada ya yi magana na'ura tana aiki. In ɓari ɗaya ya shanye, a auna a hannu mai lafiya. A auna sau biyu, tsakaninsu minti ɗaya, da safe kafin shan magani, a sake haka da dare. A yi kwana 7 a jere kafin kowane mau'idi, a rubuta duka a littafi ɗaya, har da waɗanda ba su yi muku daɗi ba. Likita zai ajiye na ranar farko ya haɗa sauran.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga lamba ta sauka a ce Baba ya warke, a ajiye ƙwaya. Maganin ne ya saukar da ita. Yawancin masu wannan lalura sai an haɗa musu iri biyu ko uku, kuma baƙar fata sun fi amsa amlodifin da dangin indafamid fiye da lisinofiril shi kaɗai. Amlodifin kan kumbura idon sawu, lisinofiril kan sa busasshen tari. Duka biyun dalilin komawa wurin likita ne a canza, ba dalilin dainawa ba. In an fara lisinofiril ko losatan, a gwada ƙoda da fotasiyam bayan mako ɗaya zuwa biyu. In majinyaci yana jin jiri idan ya miƙe, ku auna shi a zaune, ku sake bayan ya tsaya minti ɗaya, ku nuna wa likita bambancin.

Abin da bai kamata ya shiga bakinsa ba

Asfirin da duk wani maganin tsinka jini, irin su wafarin, kada a koma kansu sai likitan ƙwaƙwalwa ya ce, ko da majinyacin ya shekara goma yana sha. Shawarar tana da wuya ko a wurin likitan, domin jijiyar da ta buɗe jini kan tafi a hankali a cikinta har ya yi guda, ƙananan kuma a shirye suke su fashe. Ba hukuncin da maƙwabciya za ta yanke ba ne. Ciwon gwiwa ko na kai, a sha farasitamol, a bar Brufen da Voltaren. Magungunan mura masu buɗe hanci, da ake rububinsu lokacin Hajji da Umara, da yawansu na ɗauke da sudo'efedirin mai tayar da jini. Ku tambayi mai saidaliyya kafin ku biya. Ƙaho ba ya maye gurbin ƙwaya, kuma wanda aka mayar kan maganin tsinka jini kada a yi masa. Shisha da shamma, wato garin tabar da ake sawa a baki, da sigari, a rabu da su gaba ɗaya.

Gishirin yini guda kada ya wuce giram 5, cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Kanwar da ake sa wa miyar kuka da kuɓewa ita ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Ƙara da garin ɗanɗanon Indomie, da zaitun na gwangwani, da cuku, da kazar buros ta gidan abinci. A ɗebe wa majinyaci miyarsa kafin a zuba dunƙule, a gyara masa da daddawa marar gishiri, citta, tafarnuwa da lemun tsami.

Da azumi, a ga likita tun a Sha'aban don ya faɗi ko zai iya, ya kuma mayar da ƙwayoyin zuwa buɗa-baki ko sahur. Ruwan sus, wato jiƙon wata saiwa mai zaƙi da ake sayarwa da yamma a Ramadan, yana ɗaga jini sosai, a kiyaye shi. Zafin Makka ya kan haura digiri 40, mai shan maganin sa fitsari kuwa yana saurin bushewa. Ɗawafi a kai shi da dare, a kan keke. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci a gaya wa likita, domin shi ma yana hana jini sauka.

Lokacin da ba a jira

Jijiyar da ta buɗe tana iya danne jijiyoyin fuska da na kunne. Harbin zafi kamar lantarki a kunci ɗaya, rawar fatar ido da gefen baki, ko ji da ya ragu a kunne ɗaya, a nemi mau'idi cikin kwanaki. Awo ya kai 180/120 ba tare da wata alama ba, a huta minti 5 a sake; in bai sauka ba a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ko a je asibiti a ranar.

Amma baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, mutum ya ga abu bibbiyu, tafiya ta gagara, ciwon kai mai tsanani ya faɗo farat ɗaya da amai, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashinsa, a kira is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya, a 997, ko 911 a yankin Makka. A duba agogo a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. A kwantar da shi a gefe, a ɗan ɗaga kansa. Kada a ba shi asfirin, domin ba mai iya bambance toshewa da zubar jini sai hoto. Kada a sa masa ƙwayar hawan jini a ƙarƙashin harshe. Kada kuma a ɗura masa komai, ko zamzam ne ko rubutu, domin wanda haɗiya ta gagare shi ruwan huhunsa yake wucewa. A shafa masa a goshi, a yi masa addu'a. Wanda zai bi motar ya ɗauki ledar magungunan gaba ɗaya, da littafin awo, da faifan tsohon hoton.