Yadda ake auna hasken wuri da BH1750 da Arduino Uno

Kayan aiki: allon Arduino Uno (ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa shiri), na'urar auna haske BH1750 da ke kan ƙaramin allo mai lambar GY-302, wayoyi 4 da kebul na USB. Na'urar tana ba da awo kai tsaye da lux, ma'aunin ƙarfin haske, ba sai ka yi lissafi ba.

Da farko, kafin ka sa wuta, haɗa ƙafafun na'urar da na Arduino kamar haka: VCC da 3.3V, GND da GND, SDA da A4, SCL da A5. Bar ADDR a sake ko ka kai shi GND, adireshin na'urar, wato lambar da Arduino ke kiranta da ita, zai zama 0x23. In ka ba shi wuta, ya koma 0x5C.

Sai ka buɗe manhajar Arduino IDE, ka sauke laburaren BH1750 (tarin umarnin da ke sarrafa na'urar), ka saka shi a shirinka, ka sa wa na'urar suna lightMeter. A setup, ɓangaren shirin da ke gudana sau ɗaya, rubuta Serial.begin(9600), Wire.begin(), sannan lightMeter.begin(). A loop, ɓangaren da ke ta maimaituwa, karanta readLightLevel() duk bayan daƙiƙa 1, ka nuna awon da Serial.println(). Kada ka gaggauta, awo ɗaya yana cin kusan milisakan 120.

Loda shirin, buɗe Serial Monitor (tagar da ke nuna awon a kwamfuta) a 9600, rufe na'urar da tafin hannu: lambar ta faɗi kusa da 0.

Idan ka ga lamba mai alamar ragi, duba SDA da SCL, galibi an musanya su ne, ko ƙafafun ba su sha dalma da kyau ba.

Tsakar rana ce ke ruɗar mutane. Awon yana tsayawa cak a lux 54612, alhali hasken rana kan wuce 100,000. Na'urar lafiyarta ƙalau, ma'auninta ne ya cika. Sa setMTreg(32) don rage mata ƙarfin ji, ka kuma goge ƙurar da ke kan idonta kafin kowane awo.