Yadda za ka yi digiri na biyu a Abuja kana aiki, kundi bai riƙe ka ba

Na shiga karatun Mastas a 2021 da lissafin wata goma sha takwas, amma sai a 2024 takardar sakamako ta zo hannuna. Wata takwas daga ciki ba laifina ba ne, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ne da aka fara ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Sauran kuwa, tsakani da Allah, ni na jawo wa kaina. Ina aiki a sashen kuɗi na wata hukuma, ina zaune a Kubwa, ga yara uku. Tun da na gama, da wuya wata ya wuce wani a ofis bai ja kujera ya zauna ya ce, "Hajiya, wai ya ake yi ne?" ba. Ga amsar da nake ba su, har da wadda kunya kan hana ni faɗa a gaban mutane.

Kafin ka sayi fom, ka san irin digirin da kake nema. Akwai na ilimi irin MSc da MA, akwai na ƙwarewar aiki irin MBA da MPA. Idan ƙarin girma a ofis kawai kake so, na biyun ya ishe ka. Idan kana hangen digirin digirgir ko koyarwa a jami'a, ka tsaya kan na ilimi, domin jami'o'i da yawa ba sa wucewa da mai MBA kai tsaye zuwa digiri na uku. Galibi ana neman aƙalla sakamakon 2:2 a digirin farko. Mai HND, ko wanda ya fita da mataki na uku, ko wanda zai sauya fanni, yawanci sai ya bi ta PGD, wato difilomar gaba da digiri, tukuna, kusan shekara guda. Kada ka ɗauke shi ƙasƙanci. Waɗanda suka zo ajinmu ta wannan hanya sun fi mu sanin kan abubuwa, don sun riga mu sanin ofis-ofis.

Wajen zaɓen makaranta, mutane suna kallon suna, ni kuwa hanya nake cewa a kalla. Jami'ar Abuja tana kan hanyar filin jirgi wajen Giri, tsohon matsuguninta kuma yana Gwagwalada. Mai zama Lugbe ya huta, mai zama Kubwa zai bi ta Dei-Dei da Zuba. Ma'aikata da yawa suna tafiya Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wadda ta fi sauƙi ga na Karu da Mararaba da Masaka, amma duk wanda zai taso daga cikin gari da yammacin Juma'a ya san gosulon Nyanya ba ya jin lallashi. NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa mai hedikwata a Jabi, karatu ne daga nesa, ya dace da wanda ba ya iya barin wurin aiki, in dai zai iya tsare kansa ya yi karatu ba mai tsaye a kansa. Nile da Baze masu zaman kansu ne, yajin aikin ASUU ba ya taɓa su, sai dai aljihu ne zai ji a jikinsa. Ka zauna da biro ka lissafa kuɗin mota na zuwa da dawowa na zango guda kafin ka yanke. Ni na yi nawa lissafin kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, kuma bayan nan abin da nake kashewa a hanya ya ninka. Idan lakca ta kai ku bayan magariba, ka shiga mota a tasha ko ka bi ɗan ajinku. Kada gajiya ta sa ka faɗa duk motar da ta tsaya maka a bakin titi, labarin 'yan wan-cans ba almara ba ne a garin nan.

Takardu ba su da yawa: shaidar digiri, ta hidimar ƙasa ko ta yafewa, sakamakon sakandare, wasiƙun masu tsaya maka. Wadda ke cin rai ita ce taransikirif, wato cikakken sakamakon digirinka na farko, wanda tsohuwar makarantarka za ta aika kai tsaye zuwa sabuwar. Ka nema tun ranar da ka yi niyya, ba ranar da aka ɗauke ka ba. Nawa sai da ƙanena ya yi sawu uku kafin ya fito. Kuɗin makaranta kuma, a jami'ar tarayya ta shafin biyan kuɗi na Remita ake biya: ka ciro lambar biyanka ta RRR mai lamba 12 da kanka, ka biya da kanka, ka buga rasit biyu, ɗaya a fayil ɗaya hoto a waya. Ranar sallama ta ƙarshe za a nemi rasit ɗin shekarar farko, ba wanda zai saurari "wallahi na biya."

Abu ɗaya da ma'aikatan gwamnati ke mantawa: ka rubuta wa ofishinku neman izinin karatu, ka karɓi amincewa a rubuce, ko da Asabar da Lahadi kawai kake zuwa. Izinin baki na oga yana tafiya da oga ranar da aka yi masa canji. Tallafin karatu na asusun TETFund kuwa na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kada ka sa rai in ba a cikinsu kake ba.

Karatun aji ba zan daɗe a kansa ba, don ba shi ke kayar da mutane ba. Ka je, ka sa hannu a takardar halarta, ka shiga zauren WhatsApp na aji, ka riƙe wakilin aji da kyau domin shi ke fara jin an ɗaga lakca, ka nemi tambayoyin shekarun baya. Zango biyu ne, kamar yau za su wuce.

Inda ake zubewa shi ne kundin bincike. Ranar da muka rubuta jarrabawar ƙarshe har hotuna muka yi, na dawo gida na ce wa maigida an gama. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba. Na ce bari in huta wata ɗaya, wata ɗaya ya zama bakwai: ga rufe littattafan ƙarshen shekara a ofis, ga azumi, ga ƙaramar ta kwanta ciwo. Da na koma wurin malamin da ke duba aikina, sai da ya ɗan kalle ni ta saman tabarau kafin ya tuna ni. A tsakanin nan an ƙara masa wasu ɗalibai, ni na koma ƙarshen layi, kuma ba ni da bakin magana.

Saboda haka ka fara kundi tun zangon farko. Duk aikin gida da aka ba ka, ka karkata shi ya taɓa abin da kake son bincike a kai, kafin shekara ta ƙare ka tara rabin babi na biyu ba ka sani ba. Kuma ka matse taken. Nawa na farko shi ne tasirin asusun bai-ɗaya na TSA ga tattalin arzikin Najeriya. Malam ya karanta, ya ajiye takardar, ya ce, "Hajiya, wata nawa kika ware wa wannan?" Na ce, "Shida, ranka ya daɗe." Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ja jan biro ya kashe "tattalin arzikin Najeriya", ya rubuta a sama: hukuma ɗaya, biyan 'yan kwangila kawai, daga 2015 da aka tilasta asusun zuwa 2020. Na fito raina a ɓace, gani nake an mayar da aikina abin yara. Wannan jan layin shi ya sa na gama.

Zama da mai duba aiki shi ma sana'a ce. Tun ganin farko ka tambaye shi yadda yake so: a takarda ko ta imel, babi-babi ko uku a haɗe, wace rana yake zama a ofis. Duk abin da ka kai, ka rubuta kwanan wata a kai. Idan ka yi gyara, ka haɗa da tsohon da ya yi wa jan biro, ka sa shafi guda a sama mai nuna gyaran da ya ce da shafin da ka yi shi. Mutumin nan yana da lakca, da taron sashe, da ɗalibai rututu, duk wanda ya rage masa wahala shi zai fara dubawa. Kada ka kira shi da dare. Saƙona kullum iri ɗaya ne: "Salamu alaikum Malam. Ɗalibarka ce ta Mastas mai aiki kan asusun bai-ɗaya. Na ajiye babi na biyu wurin sakatare ranar Talata. Wace rana zan zo?" In ba amsa, sai bayan mako biyu in tuna masa. Ka kuma nemi sauran ɗalibansa ku haɗa kai, wanda ya ga motarsa a harabar sashe ya sanar da saura. Ke kuma 'yar'uwa, ki tsayar da ganawa a ofis, a lokacin aiki, in da hali ki tafi da abokiyar karatu. Ya fi miki kwanciyar hankali, ya kuma rufe bakin masu magana.

Lokacin rubutu ba ya zuwa da kansa. Na gwada dare, barci ya ci ni a kan kwamfuta. Abin da ya yi mini shi ne bayan sallar asuba, awa ɗaya kafin in tashi yara, shafi ɗaya a rana ko da mara daɗi ne. Kundi babi biyar ne, na biyun, wato bitar ayyukan magabata, shi ya fi tsawo da gajiyarwa. Google Scholar da AJOL sun ishe ka farawa, na biyun yana tattara mujallun bincike na Afirka. Ka sa manhajar Zotero tun ranar farko, kyauta ce, duk abin da ka karanta ka jefa a ciki, ita za ta jera maka manazarta a tsarin jera manazarta na APA ko wanda sashenku ke bi. Ni da hannu na fara, na kwashe mako guda ina neman inda na ciro wata magana.

Za a zo maka da tayin a rubuta maka gaba ɗaya. A shagunan buga takardu ma ana raɗa shi. Makarantu da yawa yanzu suna saka kundi a Turnitin don gano satar rubutu, amma ko ka tsallake na'ura ba ka tsallake zauren kariya ba, inda za ka tsaya gaban malamai ka kare aikinka. Na ga wanda aka tambaya dalilin da ya sa ya zaɓi hanyar ƙididdigar da ke babi na uku, ya yi ta juya shafuka yana gumi a ɗakin da ke da sanyin na'ura. Haka ma ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT: tana taimakawa wajen gyara jimla, amma tana iya ƙago sunan marubuci da mujallar da babu su a duniya. Duk manazartar da ba ka buɗe da idonka ba, kada ta shiga kundinka.

Wajen tattara bayanai, ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku kafin ka shiga kowane ofis. Yawancin sassa suna karɓar ƙa'idar Taro Yamane wajen fitar da adadin waɗanda za a tambaya: idan mutanen 400 ne, da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, 200 za ka nema. Ka buga fiye da haka, don wasu takardun ba sa dawowa, wasu kuma su dawo rabi a cike. Ka tsaya a cike maka nan take in zai yiwu, "bari zan duba" ita ce kabarin takardar tambayoyi. Masu neman alƙaluma, Babban Banki da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna da su kyauta a shafukansu na intanet. In wata hukuma ta yi maka rowa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar nema a rubuce, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa. Amma kada don kana ma'aikaci ka kwashi takardun ofishinku ka zuba a kundi ba izini, digiri bai kai aikinka ba.

Kowace Lahadi ka aika wa kanka aikin ta imel, ka kuma ajiye a Google Drive. Filas ɗina ya kwaso cuta a shagon buga takardu, babi biyu suka koma wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Imel ɗin makon da ya wuce ne ya cece ni. Tun daga nan PDF kawai nake tura musu.

Kariya kan zo hawa uku: ta tsarin bincike, ta cikin gida, sai ta ƙarshe gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Minti kaɗan za a ba ka, don haka kada ka ɓata su a tarihin matsala, ka tafi kan abin da ka tambaya, yadda ka yi, da abin da ka samo. Ka tafi da wanda zai rubuta maka gyare-gyare, domin kai a tsaye ba abin da zai zauna maka a ka. In an kushe, ka ce, "Na gode Malam, za a gyara." In kana da hujja, ka nuna shafin, ka yi shiru.

Bayan ta ƙarshe ka yi gyaran a makon, ka kai a sa hannu, don sai da shi sakamakonka zai wuce zuwa majalisar jami'a. Kafin ka kai ɗinki, ka je sashe ka ɗauki kundin wani na bara a hannu, ka duba launin bango da yadda aka jera rubutun gaba da na ƙashin baya. Ni na aiki yaro da saƙon baki, aka ɗinka mini kwafi biyar da launin wata tsangayar daban, sai da na sake biya. Suna nan a saman durowa, babbar 'yata tana ɗora littattafan islamiyyarta a kai.