Yadda ake bin diddigin mazauna da gonakin ƙaramin ƙauye a ƙasar Ailan

Ɗalibin tarihi a Katsina da aka ba shi nazarin ƙauyen wata ƙasa, ko wanda ɗan'uwansa ya yi aure a Dablin surukai suka ce a taya su gano kufan kakanni, zai iya yin yawancin aikin daga nan gida, muddin akwai kwamfuta da data. Ailan ta ɗora akasarin takardun a intanet, kuma kyauta. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen bin suna. Suna yana rikiɗa a hannun marubuta, mutum uku a ƙauye ɗaya su amsa shi, gona kuwa tana nan inda take da iyakarta. Saboda haka gona za ka bi, ka faro daga shekarun kusa kana ja da baya.

Tantance wurin tukuna

Yanki mafi ƙanƙanta da hukuma ta sani a karkarar Ailan shi ne taunlan. Ka ɗauke shi kamar ƙasar mai unguwa: gidaje goma ko ashirin a warwatse, kowa cikin gonarsa, ba lallai a samu kasuwa ko coci ba. Akwai su kusan 61,000 a tsibirin, matsakaicin girmansu eka 300 da 'yan kai. Sunayensu suna maimaituwa kamar yadda Sabon Gari da Tudun Wada suka cika ƙasar Hausa. Wanda ya fara da Bally, asalinsa kalmar gari ce a harshen Ailan, Knock kuma tudu. In suna ya ƙare da more babba ake nufi, beg kuma ƙarami, kuma sau da yawa biyun maƙwabtan juna ne, sai mai gaggawa ya ɗauki wannan a madadin wancan.

Kafin ka buɗe kowace takarda, rubuta abu huɗu a kan taunlan ɗinka: lardin da yake cikin larduna 32, farish ɗin gwamnati (yankin da ya haɗa taunlan da dama), baroni (yankin da ya fi farish girma), da mazaɓar da ake taƙaita wa DED. Shafin townlands.ie zai ba ka waɗannan tare da taswirar iyaka, logainm.ie kuma zai nuna maka yadda aka riƙa rubuta sunan a zamuna daban-daban. Kwafe dukkan rubuce-rubucen, domin kowanne zai iya zama mabuɗin wani kundi. Farish ɗin gwamnati daban ne da na cocin Katolika, suna da iyaka duka kan sha bamban, kuma rashin sanin wannan kaɗai ya isa ya cinye maka mako guda.

Sayi littafi mai shafi da yawa, ka ware wa kowace gona shafinta. A saman shafin lambar gonar za ka sa, ba sunan iyali ba.

Ƙidayar 1901 da ta 1911

Su ne matakin farko, suna shafin Ma'adanar Tarihi ta Ƙasar Ailan. Kada ka yi amfani da akwatin neman suna. Bi ta lardi, ka shiga DED, ka zaɓi taunlan, sai dukkan gidajen su fito a jere. Takardar A ita ce ta iyali: suna, dangantaka da maigida, addini, shekaru, sana'a, lardin haihuwa. Ta 1911 ta ƙara shekarun da aka yi da aure, 'ya'yan da aka haifa da waɗanda ke raye.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali naman yana cikin takardun B1 da B2. B1 tana faɗin ginin kansa. A layin bango, 1 na nufin dutse ko bulo, sifiri na nufin laka ko katako. A layin rufi, sifiri jinka ce. Ga adadin tagogin gaba, ga ajin gidan daga na ɗaya zuwa na huɗu, sannan a layin ƙarshe sunan wanda gidan ke cikin gonarsa. Wannan layi shi ke bambance maka manomi da ɗan ƙwadagon da ke zaune a gonar wani. B2 kuma tana ƙirga barga, garken shanu, na aladu, akurkin kaji, rumbu. Gidan da ke da ɗakuna bakwai a waje ba sa'an mai akurki ɗaya ba ne.

Tarko biyu ke nan. Lambar gida a ƙidaya ta malamin ƙidaya ce, yadda ƙafarsa ta bi da shi, don haka gida na 4 a 1901 zai iya zama na 9 a 1911. Na biyu shekaru: an kafa dokar fanshon tsofaffi a 1908 ga wanda ya kai 70, shi ya sa za ka ga dattijo mai 55 a 1901 ya zama mai 72 bayan shekara goma kacal. Mutum ɗaya ne, kada ka raba shi biyu.

Daga nan baya babu cikakkiyar ƙidaya. Na 1821 zuwa 1851 sun ƙone, sai ɓurɓushi, lokacin da gobara ta cinye ma'adanar da ke Four Courts a Dablin ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa. Na 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin nan. Abin da ya rage shi ne takardun haraji, kuma mu nan da muka san labarin malaman taki, waɗanda suka auna gonaki da ƙafa a zamanin Turawa, mun san mai karɓar haraji ba ya tsallake gona.

Kundin Griffith, ƙashin bayan aikin

Tsakanin 1847 da 1864 aka buga ƙimar kowace gona da kowane gida a Ailan, a ƙarƙashin Richard Griffith. Ana kiran kundin Griffith's Valuation, yana shafin Ask About Ireland. Nemi da sunan wuri, ka buɗe hoton asalin shafin, ka kwafe shi layi-layi da hannunka.

Layin farko lamba ce, ita ce lambar gonar a taswira, ita za ka sa a saman shafukan littafinka. Babban baƙi kusa da lamba, kamar 3A da 3B, na nufin mutum ɗaya ke riƙe da gonaki biyu da ba su haɗa iyaka ba. Ƙaramin baƙi gida ne a cikin gonar: a yawanci na manomin, b da c na 'yan ƙwadago ko dangi. In ka ga an ɗaure sunaye da yawa da dogon baka a gaban lamba ɗaya, gonar tarayya ce, kusan irin gandun da 'yan'uwa ba su raba ba, kowa da rabonsa na haraji. Inda mutum biyu suka haɗa suna, marubucin kan sa sunan uba ko laƙabi ko sana'a cikin baka. Kada ka raina wannan ɗan rubutu, domin wani lokaci shi kaɗai ne shaidar sunan kakan da aka haifa tun kafin a fara rajista.

Sai sunan wanda ake biyan haya. Shi ne na kusa, ba dole ne ya zama ainihin mai ƙasar ba. Ɗan ƙwadago yana biyan manomi, manomi yana biyan dillalin ƙasa, shi kuma yana biyan babban mai ƙasa da wataƙila yana Ingila.

Faɗin gona an rubuta shi a gida uku, A da R da P. A eka ce, R huɗu ke yin eka ɗaya, P arba'in ke yin R ɗaya. Gona mai 12, 2, 20 ke nan eka 12.625, wato hekta 5 da ɗan ɗori. Kuɗin kuwa fam da sule da kwabo ne, irin wanda iyayenmu suka kashe kafin naira ta zo a 1973: sule 20 a fam, kwabo 12 a sule. Ƙima ce ta haraji, ba kuɗin hayar da ake biya ba. Amma tana da amfani sosai: raba ƙimar da yawan eka, za ka gane gona mai albarka da fako ko fadamar da ruwa ya kwanta. Gidan da aka yi wa ƙimar sule 5 ko 10 bukka ce.

Ka yi hattara da taswirar da shafin ke nunawa. Sau da yawa ta wasu shekaru ce na baya, bayan an haɗe wasu gonaki an sake lamba. In faɗin gona ta 7 a taswira bai yi kama da na kundi ba, ka gaskata kundin, ka nemi gonar ta hanyar girmanta da maƙwabtanta.

Gadar da ke haɗa Griffith da ƙidaya

Tsakanin kundin da 1901 akwai kusan shekara arba'in ko fiye, kuma a nan zare ke tsinkewa. Abin da ke ɗaure shi shi ne littattafan gyara na ofishin ƙima. Jami'ai sun riƙa zagayawa, in mai gona ya canja sai a ja layi a kan tsohon suna a rubuta sabo a samansa, da tawada mai launin wannan shekarar, a sa shekarar a gefe da launi iri ɗaya. In littafi ya cika da gyara sai a kwafe shi a sabo. Na larduna shida na arewa suna shafin PRONI, ma'adanar tarihi ta Ailan ta Arewa da ke Belfas, daga 1864 zuwa 1933. Na sauran lardunan suna ofishin ƙima a Dablin, wanda yanzu yake ƙarƙashin Tailte Éireann, hukumar filaye ta ƙasar, kuma za ka buƙaci wani ya je ya ɗauko maka hoto. Ka jaddada masa hoto mai launi. Kwafi baƙi da fari ya kashe rabin bayanin, domin ba za ka san wane gyara ne na wace shekara ba.

Karanta su daga sabo zuwa tsoho, lamba-lamba. Shekarar da ke gefe takan makara da shekara ɗaya zuwa uku bayan ainihin abin da ya faru. Reps. of a gaban suna na nufin mutumin ya rasu, magada ba su daidaita ba tukuna. Sunan mace ya maye na namiji, galibi matar mamacin ce. Sunan zuriya ya canja gaba ɗaya, kada ka yi saurin cewa an sayar: sau da yawa suruki ne ya auri 'yar gidan ya tare a gonar, kuma takardar aure za ta tabbatar. Hatimin L.A.P., tare da In fee a gurbin mai karɓar haya, na nufin manomin ya sayi gonarsa a ƙarƙashin dokokin sayen ƙasa, mafi yawa bayan dokar Wyndham ta 1903. In kuma an ja layi a kan kalmar gida aka bar gona, gidan ya rushe, ya zama kufai.

Mutanen da ke cikin gidajen

Takardar haraji maigida kaɗai ta sani. Mata da yara sai a rajista. An fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ga kowa a 1864, auren waɗanda ba Katolika ba kuwa tun 1845. Shafin irishgenealogy.ie yana nuna haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50. Takardar haihuwa tana ba da taunlan da sunan gidan su uwa, ta aure tana ba da sunan uban ango da na amarya. Ta mutuwa ba ta faɗin iyaye, amma duba wanda ya kai rahoto, yawanci ɗa ne ko 'ya.

Kafin 1864 sai rajistar coci. Na Katolika, har zuwa wajen 1880, suna shafin Laburaren Ƙasa na Ailan, hotuna ne zalla da za ka bi shafi-shafi, da yawa cikin Latin: Jacobus shi ne James, Gulielmus shi ne William. O da Mc na farkon sunan zuriya suna faɗuwa su dawo. Rubuta sunayen waɗanda suka tsaya wa jariri a baftisma, kusan kullum dangi ne ko maƙwabcin iyaka.

Ƙara ja da baya

Littattafan harajin coci na 1823 zuwa 1837, Tithe Applotment Books, suna ba da masu riƙe da gona kafin babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya ta kori wani miliyan zuwa ƙetare. Babu taswira tare da su, babu 'yan ƙwadago. Yawancinsu kuma da ekar Ailan aka auna, wadda ta kai eka 1.62 ta Ingila. Gona mai eka 10 a nan, eka 16 da 'yan kai ce a Griffith, kuma wanda bai juya ba zai ɗauka gonar ta ƙaru. Sunan da ke nan amma babu shi a Griffith, yunwa ko hijira ko kora ce ta ɗauke shi, sai ka nemi ƙarin shaida kafin ka zaɓi ɗaya. In mai ƙasar ya karye aka yi gwanjon ƙasarsa bayan 1849, takardun gwanjon kan jera 'yan haya da kuɗin hayarsu.

A shafin GeoHive za ka iya ɗora taswirar farko mai inci shida a mil, ta wajen 1830 zuwa 1840, a kan mai inci 25 ta ƙarshen ƙarnin, sannan a kan hoton sama na yau. Ƙirga gidajen da ke kan ta farko da suka ɓace a ta biyu, ka sa musu alama a littafinka. Shingen dutse da burtali sukan tsaya a wurinsu ko da gida ya tafi.

Sunayen gonaki ɗaya-ɗaya, irin yadda a ƙasar Daura ake cewa gonar tsamiya ko gonar bakin rijiya, ba sa cikin takardun gwamnati. Duba dúchas.ie, inda aka ɗora abin da 'yan firamare suka rubuto daga bakin tsofaffinsu tsakanin 1937 da 1939, ka nemi makarantar da ta fi kusa da taunlan ɗin. Sannan ka rubuta wa ƙungiyar tarihi ta yankin ko laburaren lardin. Aika musu taswira mai lambobin Griffith, ka yi tambaya ɗaya takamaimai a kan gona ɗaya. Duk abin da aka faɗa maka da baki, rubuta shi da fensir a shafin gonar tare da ranar da aka faɗa, sai takarda ta biyu ta goyi bayansa ka maimaita shi da biro.